Yvoire, garin da talauci ya adana, tabki ya ciyar

Ma'aikacin gwamnati da aka aika taro birnin Janeba, ko ɗan kasuwar da harka ta kai shi can, galibi abin da yake sani na birnin bai wuce ɗakin taro da otel da tashar jirgin ƙasa ba. Ran Lahadi kuwa ofisoshi a kulle, kantuna a rufe, sai baƙo ya rasa inda zai sa kansa. Wanda ya yi dace da mai ba da shawara, akan ce masa ya gangara bakin tabki, ya yanki tikiti, ya shiga jirgin ruwan da ke zuwa Yvoire. Mutanen wurin suna faɗin sunan kamar a ce Ibwar. Ƙaramin gari ne na ƙasar Faransa, kimanin kilometir 25 daga Janeba, mazaunansa ba su wuce mutum dubu ɗaya da ƴan kai ba. Amma ganuwarsa ta haura shekara 700 tana tsaye, kuma ɗaruruwan dubban mutane ke zuwa kallonta kowace shekara.

Bizar da ta shigar da matafiyi ƙasar Suwis ita ce za ta shigar da shi Faransa, tun da Suwis ta shiga yarjejeniyar Schengen a shekara ta 2008. Duk da haka kada ya bar fasfonsa a otel, gama iyakar ƙasashen biyu a tsakiyar ruwa take, kuma ƴan duwan ba su daina aiki ba.

Tabki da jiragensa

Masu magana da Faransanci suna kiransa Léman, sauran Turawa kuwa tabkin Janeba. Siffarsa kamar jinjirin wata take. Tsawonsa ya kai kilometir 72, inda ya fi faɗi kusan kilometir 14, wurin da ya fi zurfi kuwa metir 310. Wajen kashi 60 bisa 100 na Suwis ne, saura na Faransa. Kogin Rhône, wanda ke tasowa daga ƙanƙarar duwatsun Alpes, shi ke shiga ta gabas da ruwa mai launin toka, ya fita ta Janeba garau. Masana sun ƙiyasta cewa ruwan da ya shiga yakan yi kimanin shekara 11 kafin ya fita.

Kamfanin da ke da jiragen fasinja a tabkin sunansa CGN, an kafa shi a 1873. Abin alfaharinsa tsofaffin jirage ne guda 8 da aka ƙera tsakanin 1904 da 1927, farare, dogaye, kowanne da manyan tayoyi biyu masu fukafukai a gefensa, waɗanda ke dukan ruwa suna tura shi gaba. Biyar daga cikinsu da tururi suke tafiya. Wanda ya fi yawan bin hanyar Janeba zuwa Yvoire lokacin zafi shi ne Savoie, na 1914. A tsakiyar jirgin an bar wani babban buɗi da aka kewaye da ƙarfe, inda fasinja ke leƙa injin yana aiki: manyan sandunan ƙarfe suna kai da komo, suna ƙyalli saboda mai, makaniki yana biye da su da tsumma da gwangwanin man shafawa. Duk direban da ya taɓa raya tsohuwar babbar mota tsakanin Maraɗi da Tawa zai daɗe a tsaye a wurin, don ya san abin da ake nufi da injin da ya shekara 100 bai mutu ba. Gawayi suke ci a da, yanzu mai suke sha.

Riƙe irin waɗannan jirage ba riba ba ce. Kuɗin tikiti ba ya isa gyaransu, sai jihohin Suwis da ke bakin tabkin sun sa hannu, tare da wata ƙungiyar masoya jiragen tururi da ke tara gudummawa daga jama'a. Jihar Vaud ta sa su cikin kayan tarihin da doka ta kare a 2011.

Da jirgi ya bar Janeba, ya wuce maɓuɓɓugar nan da ke cilla ruwa sama metir 140, sai a ga fadar Majalisar Ɗinkin Duniya a hagu cikin itatuwa. Idan sararin sama ya washe, ana hangen Mont Blanc can kudu maso gabas, fari fat. Jirgi yakan tsaya a ƙananan tasoshi, wani lokaci a wannan gaɓa, wani lokaci a waccan, har ya iso Nyon, garin da Rumawa suka kafa a zamanin Jules César, wanda a yau yake mazaunin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai. Daga Nyon zuwa Yvoire tsallakawa ce kawai ta minti 20.

Abin da ya sa aka gina shi

Wanda ya zo ta ruwa ya fi wanda ya zo ta mota gane garin. Daga nesa abin da ke fara bayyana shi ne wani ƙaton soron dutse mai kusurwa huɗu, ƙafarsa a cikin ruwa, sai hasumiyar coci mai kai kamar albasa tana walƙiya a rana. Garin yana zaune a kan wani tsinin ƙasa da ya kutso cikin tabki, daidai inda ya rabu biyu: ƙaramin tabki mai ƙunci wajen Janeba, da babban tabki wajen gabas. Duk jirgin da zai shiga Janeba ko ya fito sai ya gitta ta gaban wannan tsini.

Sarkin ƙasar Savoie, Amédée na 5, ya ga haka. A 1306 ya mallaki wurin, ya sa aka soma gina ganuwa da ƙofofi da wannan soro, shekara 18 ke nan kafin Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa da ya shahara. A lokacin Savoie na cikin doguwar gaba da maƙwabtanta, sarakunan Dauphiné da na Faucigny da na yankin Janeba, kuma tabkin shi ne babbar hanyar fatauci tsakanin Italiya da arewacin Turai. Hanyar ƙasa laka ce da ƴan fashi, kaya masu nauyi ta ruwa suke bi. Mai riƙe da Yvoire yana ganin kowa, yana iya tare kowa.

Darajar ba ta daɗe ba. A 1355 aka yi sulhu a Paris, ƙasar Faucigny ta koma hannun Savoie, abokin gaba ya yi nisa, garin da aka gina don tsaron iyaka ya wayi gari babu iyakar da zai tsare. A 1536 mutanen Berne suka ci yankin da yaƙi, suka riƙe shi kimanin shekara 30. A 1591, cikin wani yaƙin tsakanin Savoie da Janeba, aka sa wa soron wuta. Haka ya zauna ba rufi kusan shekara 350. Iyalin Bouvier d'Yvoire, waɗanda suka mallake shi tun 1655, sai a 1939 suka mayar masa da rufi. Har yanzu gidansu ne, ba a buɗe wa baƙi.

Tsakanin waɗannan shekaru Yvoire ƙauyen masunta da manoma ne da ba wanda ya damu da shi. Garuruwan da suka samu arziki a bakin tabkin, irin su Janeba da Lausanne, sun rushe ganuwarsu don su buɗe tituna, su gina tasoshi da manyan otel. Yvoire ba shi da kuɗin rushewa, ba shi kuma da dalili. Jirgin ƙasa bai biyo ta kansa ba, babbar hanya ta kauce masa. Ƙofofinsa biyu, ta Nernier wajen Janeba da ta Rovorée wajen Thonon, suka ci gaba da tsayuwa don ba wanda ya buƙaci faɗaɗa su. Wanda ya san abin da ya rage na ganuwar Birnin Damagaram zai ce ai dutse ba laka ba ne. Gaskiya ne, amma ganuwar dutse da yawa ta ɓace a Turai, don maƙwabta sun kwashe ta sun gina gidaje.

Akwai abu guda a tarihin yankin da ƴan kasuwa za su so ji. Lokacin da Savoie ta koma ƙarƙashin Faransa a 1860, mutanen arewacinta, waɗanda duk cinikinsu da Janeba yake, sun ji tsoron shingen duwan zai raba su da kasuwarsu. Sai aka yi musu alkawarin yankin da ba a biyan kuɗin fito, suka jefa ƙuri'ar amincewa da wannan sharaɗi. Fiye da shekara 60 suna sayen sukari da kofi da araha, suna kai kifi da madara Janeba ba tsangwama, har Faransa ta soke babban yankin a 1923.

Ganuwa ta zama jari

Bayan yaƙin duniya na biyu, da Turawa suka samu mota da hutun da ake biya, sai tsufan garin ya koma haja. Mazauna suka soma jera furanni a tagogi da barandu, a 1959 garin ya ci gasar ƙasa ta ƙauyuka masu furanni. Daga baya ya shiga ƙungiyar da ake kira ƙauyukan da suka fi kyau a Faransa, wadda ke da sharuɗɗa masu tsauri game da gini. A 1988 masu soron suka mai da tsohon lambunsu na kayan miya wurin yawon baƙi, suka raba shi ɗaki-ɗaki da shingen itatuwa, wani na gani, wani na sansana, wani na taɓawa, wani na ɗanɗano, ƙarar ruwa da tsuntsaye kuwa na ji. A 1989 aka lulluɓe kan hasumiyar coci da ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ne walƙiyar da ake hange daga jirgi.

Motocin baƙi a bayan ganuwa suke tsayawa. Cikin gari a ƙafa ake yawo, kuma rabin awa ya isa a zaga shi duka: ƴan lunguna masu gangarowa zuwa ruwa, gidajen dutse masu matakala a waje, barandun katako, tashar jirage biyu, babba da ƙarama. Kusan kowane ƙasan gida ya zama shago ko gidan abinci. Ana sayar da kayan gilas, zane-zane, tukwane, da kuma tarkacen tsaraba da ba a garin aka yi su ba, wasu ma ba a Turai ba. A watan Yuli da Agusta, idan jirgi ya sauke fasinja, sai mutum ya yi ta turereniya kamar ranar kasuwa.

A nan ne abin ke da ɗan ɗaci. Garin yana da kyau ƙwarai, ba mai musu, sai dai kyan nasa na kallo ne fiye da na zama. Da sanyi ya shigo yawancin shaguna sukan rufe, lunguna su yi tsit. Gida a yankin ya yi tsadar da ɗan masunci ba zai iya saye ba, domin masu aiki a Suwis suna kwana a Faransa su ke sa farashi. Jihar Janeba kaɗai tana da irin waɗannan ma'aikata fiye da dubu 100. Albashinsu da kuɗin Suwis ake biya, cefanensu da Yuro suke yi. Wasunsu su ne fasinjan jirgin asuba daga Yvoire zuwa Nyon, wanda ke aiki rani da damina, ko akwai baƙi ko babu.

Gabas da Yvoire

Wanda ke da yini guda cikakke, ya kamata ya ci gaba da jirgi zuwa babban tabki, inda gaɓa ke nisa, duwatsu ke matsowa. Bayan Thonon sai Évian, garin ruwan kwalba da ake sayarwa har a manyan kantunan Yamai. A nan ne wakilan Faransa da na ƴan gwagwarmayar Aljeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙinsu, ran 18 ga Maris 1962. An zaɓi garin ne saboda tabki: wakilan Aljeriya a Suwis suke kwana, su tsallako da safe su yi shawara.

Gaba kaɗan akwai Meillerie, inda aka fasa dutsen da aka gina unguwanni da yawa na Janeba da Lausanne. Manyan jiragen katako masu ƙyalle mai kusurwa uku, waɗanda iska ke turawa, su suka yi ta jigilarsa har siminti da jirgin ƙasa suka kashe sana'ar. Ɗaya daga cikinsu, Neptune na 1904, yana nan a Janeba ana kula da shi. Sai Saint-Gingolph, ƙauyen da wani ɗan rafi ya raba biyu, rabi Faransa rabi Suwis, magajin gari biyu, amma coci ɗaya da maƙabarta ɗaya, duka a gefen Faransa. Mutumin Suwis na ƙauyen in ya mutu sai ya ƙetare iyaka. A ƙarshen tabkin kuma, kan wani dutse cikin ruwa, fadar Chillon take, wadda sarakunan Savoie suka riƙa karɓar kuɗin fito a gabanta daga fataken da ke hawa zuwa Italiya.

Ruwan da ke kwance lumui da safe yana iya tashi kafin la'asar. Masunta suna da suna ga kowace iska. Akwai ta arewa maso gabas mai sanyi da bushewa, wadda ke iya yin kwana uku tana kaɗawa kamar hunturu, akwai kuma mai gangarowa daga kwarin Rhône ba sallama. Ita ce ta yi ta buga jirgin Simplon da gadar tashar Cully a ƙarshen Maris 2024, ta yi masa mummunar ɓarna. A kewayen tabkin an kafa fitilu masu launin lemo: in suna ƙiftawa sau 40 a minti, a yi hattara, in sau 90, kowa ya nemi gaɓa. Tsofaffin littattafai sun ba da labarin wani dutse da ya zube a gabashin tabkin a shekara ta 563, igiyar ruwa ta taso ta share ƙauyuka har ta karya gadar Janeba. An daɗe ana ɗaukar labarin ƙari, sai a 2012 masu bincike na jami'ar Janeba suka samu tarin ƙasar da ta zube a ƙarƙashin ruwa.

Kifin da ke cikin faranti

Abincin da kowane gidan abinci na Yvoire ke rubutawa a allo shi ne tsokar wani ƙaramin kifi mai zane a jiki da ake kira perche, a soya da man shanu, a kawo da soyayyen dankali. Baƙo yana ci yana kallon ruwa, yana zaton daga nan aka kamo shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da tabkin ke bayarwa bai kusa isar masu ci ba, mafi yawan abin da ake soyawa daga gabashi da arewacin Turai ake kawo shi cikin ƙanƙara. Mai son na tabkin sai ya tambaya, ya kuma shirya biyan ƙari. Masunta na sana'a sun ragu, kuma doka ɗaya ce ta Faransa da Suwis ke tsara girman idon taru da lokacin da aka hana kamu.

Wanda ya ga ruwan yau, ana hangen tsakuwa a ƙarƙashinsa daga kan gada, da wuya ya yarda cewa a shekarun 1970 tabkin ya kusa shaƙewa. Ruwan ƙazantar garuruwa, da takin zamani daga gonaki, da omon wanki, duk suna ɗauke da fosfat, suna kwarara ciki. Fosfat taki ne, a gona ko a ruwa. Gansakuka ta yi yawa, in ta mutu ta nutse ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. An hana wanka a wurare da dama. Ƙasashen biyu sun riga sun ƙulla yarjejeniya a 1962, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kare ruwan tabkin, shekara biyu kafin Nijar da wasu ƙasashe uku su kafa tasu ta tabkin Cadi. Aikinta aune-aune ne da ba gwamnatoci shawara. Aka gina wuraren tace ruwan ƙazanta gari bayan gari, Suwis ta hana sa fosfat a omon wanki a 1986, Faransa ta bi baya a 2007. Fosfor da ke cikin ruwan ya kai ƙololuwarsa a 1979, kimanin mikrogram 90 a lita, ya sauko ƙasa da 20. Shekara 30 zuwa 40 aikin ya ci, kuma kuɗin masu biyan haraji ne. Mutum wajen dubu 900 ne ke shan wannan ruwa.

Damuwar yanzu ta fi wuyar magani, don ba bututun da za a toshe. A al'ada, in sanyi ya tsananta, ruwan sama yakan yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, tabki ya juya kansa kamar ana tuƙa tuwo, iska ta isa har gindi. Rabon da a ga cikakken juyi irin wannan tun 2012, kuma har zuwa sanyin 2025 bai sake faruwa ba, domin sanyin ba ya kai yadda yake kaiwa a da. Ruwan can ƙasa yana ta rasa iska. Bugu da ƙari, a 2015 aka gano wata ƙaramar halitta mai ɓawo biyu irin ƙumba, ana ce mata quagga, wadda asalinta yankin Baƙin Teku ne. Cikin ƴan shekaru ta shimfiɗe a ƙarƙashin tabkin, tana toshe bututun ruwan sha, tana manne wa tarun masunta, tana tace ƙananan halittun da kifi ke ci. Wani ɓangare na tsabtar da baƙo ke yabawa aikinta ne.

Jirgin ƙarshe mai komawa Janeba yakan yi busa tun yana nesa. Ma'aikatan tasha su cafe igiya, su ɗaure, su tura gadar katako, cikin minti biyu ko uku a sauke a ɗauka. Lokutan tashi suna sauyawa da yanayin shekara, kuma daga kaka zuwa ƙarshen sanyi tsofaffin jiragen galibi a tashar gyara ta Ouchy suke, a Lausanne. Wanda jirgi ya bari a lokacin, sai ya jira na Nyon, ya kama jirgin ƙasa daga can, tafiyar kamar rubu'in awa zuwa Janeba.